Barunden Dawa Mai Farin Goshi

Mu rundawa, wato mahauta kamar yadda mutanen gabas ke kiranmu, ido ne jarinmu. Wuƙa kowa na iya wasa ta, fiɗa kuma yaro ma yana koya. Amma ka tsaya a kara, wato kasuwar shanu, ranar kasuwa, ka dubi sa yana tsaye cikin fatarsa, ka faɗi kitsen da ke cikinsa da lafiyar hantarsa tun ba a kayar da shi ba, wannan ba kowa Allah ya ba ba. Ido ba mudu ba, amma ya san kima. Na fara da wannan ne don a gane dalilin da ya sa maganar wani ɗan tsuntsu da bai cika tafin hannu ba ta tsaya mini a maƙogwaro tun ina saurayi har na yi furfura.

A Talata Mafara aka yanke cibiyata. Uwata kuwa 'yar Bakura ce, wanta, wato kawuna, sanannen barunde ne a can. Yana da ɗa sa'ana, 'yan watanni kawai ya ba ni. Shi ɗan namiji, ni ɗan mace, taubashina ke nan, kuma bisa al'ada shi ne ubangida ni ne bawa. Ban tuna ranar da ya kira sunana na yanka ba. Ko a tsakiyar kasuwa, ko a gaban surukaina, sai dai ka ji daga nesa: "Kai bawa! Wa ya ba ka izinin sa sabuwar riga?" Ni kuma in ce, "Ubangidan da ba shi da ko akuya, sannu da zuwa." Baƙon da bai san mu ba sai ya ɗauka gaba muke yi. Wasan taubasai dokarsa biyu ce a gidanmu: ba a fushi, kuma ba a taɓa buɗe baki a ce wa ɗan'uwa "ka yi gaskiya". Wanda ya faɗi haka ya zubar da girman gidansu.

To mutum biyu masu gardama kamar zakaru, suna sana'a ɗaya, ba mai cewa na yarda, yaya za a ƙare? Kawu ne ya samar mana mafita tun muna koyon sana'a a hannunsa. In muka yi musu a kan dabba, ni na ce akwai kitse shi ya ce ƙashi ne da fata, sai a bari a feɗe. Wanda idonsa ya yi ƙarya ba zai ce uffan ba. Amma san da zai yanka na gaba, tozonsa na wanda ya ci gardama ne, zai aika masa har gida. Wanda ya ci shi zai gasa, wanda aka kayar kuma dole ya zo ya zauna a ci tare, yana tauna ana yi masa shaƙiyanci. Baki bai yarda ba, amma nama ya faɗi gaskiya. Tozo nawa suka bi hanyar Mafara zuwa Bakura, nawa suka biyo ta dawowa, Allah kaɗai ya sani. Ni dai na san nawa sun fi yawan dawowa, ko da yake da yana nan da ya ƙaryata ni.

Kawun nan dai shi ya nuna mana tsuntsun. Muna biye da shi wata rana da kaka, mun koro shanu, sai ya tsaya gindin wata aduwa ya nuna mana ƙayoyinta da sanda. Fara ce a soke jikin ƙaya ɗaya, gaba kaɗan wata farar, can sama ɗan ƙadangare ya bushe. An jera su tsaf kamar mai tsire ya shirya wa masu saye. Ya ce, "Ku gaida ɗan'uwanku. Wanga aikin barunden dawa ne. Shi ma yanka shikai ya rataye, sai ya ji yunwa ya dawo rumfa tai." Ya hana mu jifarsa har abada, ya ce ɗan sana'a ba ya cin ɗan sana'a. Sunan da na san shi da shi ke nan. Ko wasu na da wani suna da suke kiransa, ni ban ji ba.

Daga ranar idona ya buɗe a kansu, na gane ashe dangi ne masu yawa. Akwai suda, wadda kowa ya sani saboda yawan labarinta. Ita 'yar gida ce, rani da damina tana nan, tana laɓe cikin sarƙaƙiya, ka ji feɗuwarta ka rasa inda take. Akwai masu dogon bindi da rawayan baki, su kuma ƙungiya suke yawo suna hayaniya kamar 'yan kamasho a kara. Amma barunden dawa na ainihi shi kaɗai yake zama, kuma baƙo ne. Sai ruwa ya ɗauke an fara yankan dawa yake sauka, kafin hadarin farko kuma ya ɓace. Tsakar kansa da ƙeyarsa ja ne kamar an shafa masa jan ƙasa, goshinsa baƙi, baƙin ya zarce ta idanu kamar wanda ya zambaɗa kwalli. Kafaɗunsa farare, cikinsa fari, bakinsa da 'yar ƙugiya irin ta shaho. Ba ya ɓuya. Can ƙololuwar kara ko kan ƙaya yake hakimcewa a fili, yana duban ƙasa. Mun sa masa mai jan kai. Duk shekara in na ga na farko sai in ji sanyi a raina, don na san hanya ta bushe, shanun Fulani sun ƙoshi, lokacin fatauci ya yi.

Hanyarmu a wancan zamani ita ce ta Maradun. Mu kwana can, mu wuce Dosara, mu kai Gidan Goga, mu bi rugage muna taya shanu, sannan mu koro su a ƙasa har Mafara don mu riski kasuwar Talata. Wayyo, wannan hanya! Ba ka ɗaukar guzuri mai yawa, don duk rugar da ka yi sallama za a miƙo maka ƙwarya da kindirmo. A Dosara akwai wata tsohuwa mai ƙosai da ta san mu, tana hango ƙurar shanunmu za ta ƙara ƙullu a kasko. Abin tsoro a dajin nan bai wuce kura ba, ita ma sai dai a ji kukanta. Inda rana ta yi maka zafi nan za ka shimfiɗa buzu ka yi barcinka.

A irin wannan dawowa ce abin ya faru. Mun baro Gidan Goga ba mu kai Dosara ba, rana ta take, muka tsayar da shanu a inuwar wani gawo. Taubashina ya ɗauki gora ya gangara rafi neman ruwa. Ni na kishingiɗa ina kallon rassa, sai na ga tsuntsu a wani reshe na ƙasa, cikin inuwa, kusa da ni ƙwarai. Bakin mai ƙugiya ne, kwallin idon yana nan, farin kafaɗa yana nan. Na ce a raina, mai jan kai ne. Sai ya juyo. Babu ja a kansa ko ɗigo. Kan baƙi ƙirin ne har gadon baya, goshin kuwa fari fat, farin ya ja layi ta saman ido. Haƙarƙarinsa ruwan goro ne. Ya fi mai jan kai siranta, bindinsa ya fi tsawo, yana ɗaga shi yana saukewa. Ya sauko ƙasa ya cafki wani ƙwaro, ya koma reshensa, ya dube ni, ni ma na dube shi. Ban san tsawon lokacin da muka yi haka ba. Wani bijimi ya yi atishawa, tsuntsu ya tashi ya shige daji.

Taubashina na isowa na tare shi. Na ce, "Ka yi asara! Yanzun nan wani barunde ya tashi, mai farin goshi."

Ya ajiye gora ya ce, "Mi kag gani?"

Na zayyana masa komai, tun daga goshi har bindi. Ya saurara kamar abin kirki, har da gyaɗa kai. Da na gama sai ya taɓa goshina da bayan hannu ya ce, "Bawa, rana ta buge ka. Ko kuwa kashin wani tsuntsu ne yaz zubo ma mai jan kai ga goshi, kai kuma ka yi mai sarauta."

Na rantse. Ya ce rantsuwar bawa ba ta kama ubangida. Na ce to gardama ce, a sa tozo. Ya ce an sa, amma sai ya gani da idonsa a kan ƙaya, gani ya kori ji. Muka tafa. Wallahi a lokacin na ɗauka kafin mu kai Maradun zan nuna masa wani, in ci tozona in huta.

Ba mu gan shi ba a wannan tafiya, ba mu gan shi a ta gaba ba. Da abin ya tsaya tsakaninmu biyu da da sauƙi. Amma mutumin nan bakinsa ba ya riƙe ruwa. Kafin wata ya zagayo duk rundawan Mafara da na Bakura sun ji labari, kuma ya ƙara masa gishiri, wai na ce tsuntsun har rawani gare shi. Aka sa mini suda mai labari. In na tsaya a kara na ce san nan yana da kitse, sai wani ya ce, "Da wane idon ka duba, da na shanu ko da mai ganin farin goshi?" A fashe da dariya. Nakan yi dariyar ni ma, don ba yadda zan yi, amma abin yana ci mini rai. A sana'ar da ake sayen maganar mutum saboda idonsa, a ce idonka yana ganin abin da babu, ba ƙaramin abu ba ne. Ban damu da sauran ba sosai. Shi nake so ya sani ban yi ƙarya ba, don shi ne muka tashi tare, kuma duk ƙasar nan ban san mai ido irin nasa ba.

Na zama mai duban bisa. Matata takan ce za a wayi gari na faɗa rijiya ina kallon itace. Kowace kaka in masu jan kai suka sauka sai na bi su ɗaya bayan ɗaya da ido. A nan na koyi cewa su ma ba duka suke kama ɗaya ba. Macen ba ta kai namijin ja ba, baƙinta ma ya koɗe, kuma tana da ɗan haske a gindin baki. 'Ya'yan shekara kuwa duk sun fi rikitarwa, toka-toka ne masu zane, ba ja ba baƙi. Irin wannan ne ya kayar da ni. Wata shekara, bayan na yi aure har da 'ya'ya, na hango ɗaya a bayan makabartar garinmu, goshinsa da haske. Nan take na aika a kira taubashina daga Bakura. Ya bar rumfarsa ya hau mota ya zo. Muka laɓaɓa, ya duba, ya sake dubawa, sannan ya zauna a ƙasa daɓas yana dariya har da riƙe ciki.

Ya ce, "Wanga? Dubi ƙeya tai, ja ya fara hudowa. Dubi inda yaz zauna, tsirara bisa kara kamar ubanai. Ɗan mai jan kai ne ko gemu bai yi ba! Don wanga ka tasshe ni?"

Gaskiyarsa ce, ni ma da na natsu na gani. Talatar da ta biyo na yanka sa, na aika da tozo Bakura, na kuma bi shi na zauna na ci ana yi mini tsiya. Yana yanka yana miƙo mini yana cewa, "Ci, bawa, tozo na ƙara hasken ido." Amma na gaya masa a kan tiren nan cewa wannan na kuskuren yau ne. Gardamar gindin gawo tana nan daram, ban janye ba. Ya ce ya ji, yana jira.

Shekaru suka yi ta tafiya. Kawu ya rasu, taubashina ya gaji rumfarsa. Muka aurar da 'ya'ya. Motoci suka karɓe korar shanu a ƙasa, sai dai duk da haka mukan je Gidan Goga sayayya, kuma duk lokacin da muka wuce gawon nan sai ya cire hula ya ce, "Ranka ya daɗe mai farin goshi, bawanka na gaisuwa." Direba da fasinja su yi ta dariya ba su san kan zance ba.

Sannan daji ya lalace. Ba sai na tsaya bayani ba, duk wanda ke ƙasar nan ya san abin da 'yan bindiga suka mayar da wannan yanki. Rugagen da muka sha nono a cikinsu suka watse. Mutanen da muka sani a Gidan Goga wasu sun rasu, wasu suna gudun hijira, har na taɓa cin karo da wani dattijo da nake sayen shanu a hannunsa yana zaune a tashar Mafara ba shi da ko tunkiya. Hanyar da muke barci a gefenta ta zama ba a binta sai dole, da addu'a a baki. Shanu suka yi wuya. Rundawa da yawa suka koma yankan awaki. Taubashina da yake kayar da sa duk ranar kasuwa ya koma sai an daɗe bai taɓa babbar dabba ba, daga baya ma ciwon ƙafa ya zaunar da shi, babban ɗansa ya riƙe rumfa. Ni kuma na bar wa nawa 'ya'yan, na samu ɗan fili a bakin hanyar ruwan madatsar Bakolori ina noman albasa da tumatir. Na cire rai da gawon nan. Na ce ko tsuntsun yana zuwa can, ni da shi sai a lahira.

Akwai mijin 'yata, malamin makaranta ne mai haƙuri da surutun tsofaffi. Wata rana na ba shi labarin, sai ya ɗauko wayarsa ya yi ta latse-latse yana nuna mini hotuna. Wannan? A'a. Wannan? A'a, wannan mai jan kai ne. Can sai ga shi. Na miƙe tsaye ban sani ba. Ya karanta ya ce mini tsuntsun ƙasashen gabas ne, in ya gudo wa sanyin can yakan sauka nesa da mu ta gabas, ba kasafai yake kawowa yammacin nan ba sai wanda ya ɓata hanya. Washegari na sa ya raka ni Bakura da wayar. Taubashina yana zaune a zaure ya miƙe ƙafa. Ya karɓa ya duba da kyau ya mayar.

Ya ce, "Cikin wagga waya na ga doki na magana. Bisa ƙaya muka yi da kai, ba bisa gilashi ba."

Na ce, "Kai dai Allah ya shirye ka."

Ya ce, "Amin, tare da bayina."

Ranar da abin ya zo ban tashi da tunaninsa ba. Da hantsi ne, lokacin sanyi, ina ban ruwa. A kusurwar filina akwai wata bagaruwa da nake rataye riga. Na je ɗaukar goro a aljihu, sai na ga fara a soke jikin ƙaya. Na ɗaga kai ina neman mai jan kai a ƙololuwa, babu. Na sauke ido cikin inuwar rassan, sai ga bindi yana sama yana ƙasa. Ya juyo da farin goshin nan.

Na zauna a kan kunya. Wannan karon ban yarda da kaina da wuri ba, wanda maciji ya sara in ya ga tsumma gudu yake. Na duba ƙeya, baƙa ce, babu alamar ja. Na duba haƙarƙari, ruwan goro. Na duba zamansa, a ɓoye cikin inuwa. Sai da na tabbata sannan na ja da baya a hankali na kira taubashina a waya.

Na ce, "Ka taho yanzu. Shina nan."

Ya ce, "Ka tanadi wani tozon?"

Na ce, "Ka taho, don girman Allah."

Ban taɓa haɗa shi da Allah a kan wannan magana ba. Ya kashe waya. Na zauna ina gadin tsuntsu kamar mai gadin amarya, ruwa ya cika kwamin albasa ya malala ban kula ba. Duk wanda ya doso sai in ɗaga masa hannu ya canja hanya. Ina ta roƙo a zuci, ya Allah kada ka kunyata ni sau biyu. Bayan azahar sai ga ɗan kabu-kabu ya sauke shi a bakin hanya. Ya rame fiye da yadda na bar shi, yana dogara sanda. Na riƙe hannunsa muka tako a hankali, ko gaisawa ba mu yi ba, mu da gaisuwarmu kan ɗauki rabin sa'a. Na nuna masa da haɓa.

Tsuntsun nan kamar ya san abin da ake ciki. Ya fito bakin reshe, ya sauko ya ɗauki tsutsa a gabanmu, ya koma ya juyo mana goshi. Na saci kallon taubashina. Mutumin da ko a jana'iza sai an harare shi yake rufe baki, ya yi tsit. Idonsa na kan reshen, hannunsa da ke cikin nawa ya matse ni har na ji zafi. Mun daɗe a haka.

Na ce a hankali, "To?"

Ya saki hannuna, ya gyara hula, ya yi kaki. Ya ce, "Mai jan kai ne. Tsufa yay yi, hurhura ta cinye mai goshi, kamar kai."

Jama'a, na san doka. Na san bakinsa ba zai taɓa faɗa ba, ni ma da ni ne ba zan faɗa ba. Amma ranar zuciya ta ɗebe ni, don na gaji, kuma ina ganin mun tsufa da wannan. Na ce masa makaho ne shi, kuma mai taurin kai, kuma ko mala'ika ya sauko da tsuntsun a hannu musu zai yi. Ya yi ta dariya yana tari. Ya ce a kawo masa ruwa da tumatir na kai wa gida, tunda bawa ya yi noma. Na cika masa leda ina huci, ya hau mashin ya tafi yana ɗaga mini sanda.

Na zauna jiran tozo. Talata ta zo ta wuce, wata ta zo ta wuce. Na san ba ya yanka, na san rumfarsa awaki take sayarwa, amma na ce ai ko saye ne ya saya ya aiko in da ya yarda. Shiru. Tsuntsun ya yi 'yan makonni a bagaruwata, na nuna wa duk wanda ya yarda ya tsaya, amma tsofaffin da suka sa mini suda mai labari yawancinsu suna ƙasa, yaran yanzu kuma su duba su ce, "To Baba, tsuntsu ne," su wuce. Da zafi ya fara sai na zo wata safiya na tarar ba ya nan. Mukan yi waya da taubashina, ya zage ni in zage shi, amma ba wanda ya ta da maganar. Na ƙudurta a raina cewa da gaske bai yarda ba, kuma abin ya yi mini ciwo fiye da dariyar kara ta shekara da shekaru.

Da bazara, kafin ruwan farko, aka kira ni da safe aka ce taubashina ya cika. Na je Bakura, da ni aka yi masa wanka, da ni aka sa shi a kabari. A wurin zaman makoki mutane suna ta cewa in yi haƙuri, na rasa abokin wasa. Ina amsawa, amma a cikina har da wani haushi da nake jin kunyarsa: ka tafi ke nan, ba ka ce ba, ba ka aiko ba.

Damina ta wuce, aka yanke gero, aka fara yankan dawa. Ranar wata Talata da yamma ina zaune a ƙofar gida sai ga babban ɗansa, wanda ya riƙe rumfa, ya sauka daga mashin da ƙunshi a takardar siminti. Ya durƙusa muka gaisa, ya tambayi gida da gona da ƙarfin jiki, na tambayi uwayensa da ƙannensa. Sannan ya tura ƙunshin gabana. Tun ban buɗe ba hannuna ya gaya mini abin da ke ciki. Tozo ne, babba, mai kitse, na san da aka yi wa kiwo da kyau.

Ya ce, "Baba, tun ranar da ya dawo daga gonarka ya sa aka nemo mai ɗan bijimi aka ɗaure bayan gida. Ya ce ba ya aiko maka na saye, sai na san da yat turke da hannunai. Shi ka ba shi dusa har ya kwanta ciwo. Da ya ga jikin ya ƙi, ya ce in ya isa yanka in yanka bisa rumfa tai, in kawo maka tozon da kaina. Ya ce ka san ko na mine ne."

Na ce, "Bai ce komai ba bayan wannan?"

Yaron ya sunkuyar da kai, yana son ya yi dariya yana jin nauyina. Ya ce, "Ya ce in ka tambaya, in ce maka hurhura ce."

Na yi dariya har hawaye suka zubo, daga nan kuma ban san inda dariyar ta tsaya ba. Matata ta leƙo ta koma.

Ni na gasa shi da kaina, kamar yadda doka ta ce. Na hura gawayi, na barbaɗa yaji, na yanyanka a kan tiren da muka saba. Yaron ya zauna a gefe, amma shi ɗa ne, ba a yi wa ɗa irin wannan wasa. Na ɗauki yanka na farko, mai kitsen, na miƙa hannu gabana inda taubashina yakan zauna. Shekara da shekaru ina tanadin abin da zan gaya masa a wannan rana, na shirya shi tsaf tun a gindin gawo. Na riƙe naman har ya huce a hannuna.